Shinkafar da Ta Sauko ta Matakalar Ruwa

A shekarar da Kogin Zarnu ya haɗiye shinkafarmu karo na uku a jere, da rani, ni Mantau ɗan Korau na bar Tungar Wushe neman iri.

Kogin ne ya sake hali. A zamanin iyayenmu yakan hau a hankali, shinkafa ta riga shi tsawo. Yanzu kuwa sai ya taso kamar ana koro shi, ya rufe ganye, ya zauna a kai har ta ruɓe. Rumbuna suka zama ɗakin kaji, daga baya kajin ma suka ƙare. Gida-gida mutane suka fara ɗaure kaya.

Na karanta a littattafan matafiya cewa a bisa Dutsen Hargo akwai wani tafki mai suna Sulma, inda ake noman shinkafar da ake kira bi-ruwa: in ruwa ya hau taki, ita ma ta hau taki, kanta kullum yana waje. Littattafan sun saɓa wa juna a kan komai, har da inda dutsen yake, amma a kan shinkafar nan bakinsu ɗaya. Dattawa suka ce in tafi, za su riƙe jama'a har faɗuwar damina. In na zo da iri, gari ya zauna. In ban zo da shi ba, kowa ya kama gabansa.

Suka haɗa ni da taubashina Bagudu, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda duk Zarnu ba a yi matuƙin jirgi kamarsa ba. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a yanke shari'ar ba. Tafiyar ƙasa za mu yi, amma ya ƙi barin igiyarsa a gida. Ta rama ce, mahaifinsa ya tufka ta da hannunsa, ta yi baƙi saboda tsufa da gumi. Ya naɗe ta ya rataya a kafaɗa, da ita yake matashi in mun yada zango.

Sai na faɗi wani abu game da mutanenmu da igiya. Zarnu ɓarawon jirage ne. Ka juya baya ka gaisa da mutum, ka waiwayo, jirginka ya kai gari na gaba. Saboda haka yaro a tungarmu yakan iya ƙulli kafin ya iya alwala, kuma ƙullinmu iri ɗaya ne: wanda in aka ja shi yake ƙara cizawa. Bagudu da hannu ɗaya yake yinsa, yana kallon wani wuri, yana zagina.

Mun ratsa ƙasar da mutanenta ke zaune cikin kogon kuka, kowane gida da bishiyarsa. Mun ratsa wata inda ba a tambayar baƙo sunansa sai ranar da zai tafi, don kada a saba da shi. Muka hau Hargo da ƙafa ta hanyar awaki, muka iske tafkin shimfiɗe a bisa dutse, shuɗi, gajimare na wucewa ta ƙarƙashin bakinsa.

Sulmawa ba sa sayar da iri, aiki ake yi masa. Muka yi musu gyaran bakin tafki har hannuwanmu suka yi kanta. A nan na lura da matansu. Sukan zuba iri cunkus a 'yan komaye, in ya tashi ya kai taki, su tuge shi, su bi fadama a duƙe suna dasawa ɗaya-ɗaya. Mu yafawa muke yi mu koma gida. Na ce a raina, mutanen nan aiki ne ya yi musu kaɗan.

Ranar sallama suka ba mu buhunan kaba cike da iri, da jirgi mai faɗin ciki. Sarkin nomansu ya riƙe hannuna ya ce, "Ka raba shi da ruwa sai ranar shuka. Irin nan ba ya jira. Ko raɓa ya ji, sai ya ɗauka kiransa aka yi."

Hanya ɗaya ce tal ake saukar da kaya daga Sulma, ita ce Matakalar Ruwa.

Wata sarauniya ce ta sa aka gina ta, Talmasa, wadda yanzu ko kabarinta ba a san inda yake ba. Aka sare dutse aka yi wa ruwa hanya daga tafki har zuwa Kogin Zarnu, can sama da tungarmu da nisa. Da yake gangaren ya fi ƙarfin jirgi, sai aka raba shi ɗaki-ɗaki, ɗakuna tara, kowanne yana ƙasa da na bayansa. Ɗakin ruwa dogon rami ne mai bangon dutse, da ƙyamaren katako biyu a goshi, biyu a ƙeya. Jirgi ya shiga, a rufe na baya. A ɗaga wasu 'yan tagogi da ke gindin na gaba, ruwa ya zurare, jirgi ya yi ta yin ƙasa tsakanin bango biyu, har ruwan ciki ya daidaita da na waje. A lokacin ne kawai ƙyauren gaba ke buɗuwa. Kafin nan, ko giwaye suka tura shi ba ya motsi. Bayan nan, mace ɗaya ta isa ta jingina masa baya. Ana sake ƙyamaren in sun tsufa, amma bangon na farko ne. Igiyoyin mutanen da suka daɗe da mutuwa sun ci duwatsun bakinsa har yatsa na shiga.

Mai riƙe da matakalar mace ce, Magajiya Gwamma, doguwa, mai furfura, da murya irin ta wanda ya saba magana a kan ƙarar ruwa. Mun same ta zaune a kan gungumen da ake tura ƙyaure da shi, tana ɓare gyaɗa. Ta dube mu, ta dubi igiyar Bagudu.

"Mutanen kogi ne," ta ce.

Na ce, "Mu ne, Iya. Me ake bayarwa a wuce?"

"Ba a bayarwa. Ɗauka ake yi."

Ta nuna mana wani tsibin laka baƙa a bakin ruwa. Laka ce abokiyar gabar matakala. Tafki na turo ta, tana taruwa a gindin ƙyamare, in an bar ta shekara biyu babu ƙyauren da zai buɗu. Mutanen Gwamma suna yaso ta, amma kwarin matsattse ne, duk inda suka zuba ta ruwan sama zai maido musu. Don haka tun zamanin Talmasa duk jirgin da zai sauka sai ya ɗauki laka har idon sawu, ya fitar da ita daga ƙasar.

Bagudu ya ce, "Iya, mu da taɓo ya koro daga gida, mu kuma yi guzurinsa? A garinmu ko tuwo kika tona laka za ki samu a ƙasa."

"Ka ga ba za ka yi kewar gida ba ke nan. Magana ta biyu kuma da kai nake, mai igiya. Ka zagaya ta a turke, ka dawo da bakinta hannunka. Ruwa na sauka, kana saki. Ba a ƙulli a nan."

"A cikin jirgi fa aka haife ni, Iya."

"Shi ya sa nake gaya maka. Manomin nan da ke tare da kai ba ya ba ni tsoro. Bai iya komai ba, abin da aka ce ya yi shi zai yi."

Bagudu ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka ji ko, bawana? Har a bisa dutse labarinka ya iso."

Muka loda laka. Muka ɗaura gado na gwangwala a samanta, muka jera buhuna a kai, muka rufe su da tabarmi. Ni a goshin jirgi da sanda ina kare shi daga bango, Bagudu a ƙeya da igiya. Gwamma da mutanenta suna bin mu ta 'yar hanyar da ke gefe.

Wanda bai taɓa sauka a ɗakin ruwa ba ba zai gane abin ba. Ba ka jin kana motsi. Bango ne kake gani yana tsiro, jiƙaƙƙe, kore da gansakuka, sararin sama yana tsukewa har ya koma kamar ƙyallen da aka shanya. Sai ƙyaure ya tsage a tsakiya, haske ya shigo, ka ga wata duniya a gabanka. Ɗakuna biyar muka sauka haka. Ban taɓa ganin hannu mai ladabi kamar na Bagudu a ranar ba. Yana sakin igiya kaɗan-kaɗan, tana zamewa a turke ba ko ƙara. A ɗaki na biyar har ya fara neman Gwamma da aure, ita kuma tana jifansa da ɓawon gyaɗa.

Ɗaki na shida shi ake kira Rijiya, don ya ninka sauran zurfi. Ƙyamarensa na baya sun tsufa, ruwa na tsartuwa ta tsakaninsu, kaurin cinyar mutum. Da aka ɗaga tagogi, ruwan ciki ya juya, ya fizgi jirgin baya, ya nufi da shi ƙarƙashin tsartuwar nan kai tsaye, buhuna da komai. Na kafa sanda a bango, ta zame a gansakuka.

Ina kallon fuskar Bagudu a lokacin. Idonsa na kan buhuna. Bai dubi hannunsa ba, kuma na tabbata bai aike shi ba. Hannun ya ga jirgi na guduwa da kaya, ya yi abin da ya yi shekara arba'in yana yi: ya ƙulla igiyar.

Jirgin ya tsaya cak, taki biyu kafin tsartuwar. Ruwa kuwa bai tsaya ba.

Ƙeyar jirgi ta rataye a igiya, goshi ya bi ruwa ƙasa. Laka ta gangaro ta rufe mini ƙafafu. Na ji Gwamma daga sama tana ihu a rufe tagogi, amma tagogin Rijiya da sarƙa ake sauke su, mutum huɗu, ba a gaggawa. Ruwa ya fara shigowa ta inda nake tsaye.

"Bagudu, kwance!"

Ya kai hannu. Ƙullinmu ne, nauyin jirgi duka yana kansa, ya cije kamar an zuba masa darma. Ya sa haƙori. Gadon gwangwala ya fara kuka, buhun farko ya zame.

Ya zaro wuƙa. Na ga ya ɗan tsaya, gwargwadon numfashi ɗaya, sannan ya yanke igiyar mahaifinsa.

Ƙeyar jirgi ta faɗo ta mari ruwa. Ruwan ya tashi ya bugi bango biyu, ya dawo mana ta kowane gefe. Gadon ya karye. Da abin ya lafa, muna tsaye cikin ruwa har gwiwa, jirgi bai nutse ba, buhunan iri kuwa suna kwance a ƙasa suna fitar da kumfa.

Tsakanin ɗaki na shida da na bakwai akwai ɗan kududdufi inda jirage ke jiran juna. Nan muka ja muka tsaya, muka kwarfe ruwa, muka kwance buhuna. A kwarin nan rana ba ta sauka sai ta leƙo da tsaka ta wuce, kuma damina ta riga ta fara a bisa dutse, yayyafi ba dare ba rana. Muka baza iri a tabarmi, muka yi masa fifita, muka hura wuta a gefensa. Washegari na cusa hannu cikin tsibin, na ji ɗumi kamar cikin kaza. Kafin wata washegarin kowace ƙwaya ta fasa baki, ɗan farin haƙori ya leƙo.

Lissafin ba wuya. Daga nan zuwa gida tafiyar ruwa ce ta kusan wata. Irin da ya farka, in bai sami ƙasa ba cikin 'yan kwanaki, ruɓewa zai yi. Komawa Sulma a sake yin aiki kuwa, kafin mu gama damina ta wuce, Tungar Wushe ta zama kufai.

Bagudu ya daina magana. Mutumin da ko yana cin abinci bakinsa ba ya hutawa, ya zauna a kan dutse, guntayen igiya biyu a gabansa, bai taɓa su ba. Sau ɗaya ya ce, "Mantau, in ka je ka ce musu na mutu a hanya." Ya kira ni da sunana. Rabon da ya yi haka tun ranar da aka binne mahaifinsa.

Ban ba shi haƙuri ba, don na san ba zai karɓa ba. Na koma jirgi in gyara abin da ya saura. A nan na ga wani abu a ƙasan jirgin. Buhu ɗaya ya fashe lokacin da gado ya karye, ƙwayoyi sun warwatsu cikin lakar Gwamma. Na tabarma sun yi fari sun kwanta kamar marasa lafiya. Waɗannan kuwa sun miƙe tsaye, kore, kamar allurai.

Na tsuguna na daɗe ina kallonsu. Matan Sulma suka faɗo mini a rai, a duƙe, da damin tsiro a hannu.

Na tarar da Gwamma tana duba sarƙar Rijiya. Na ce, "Iya, laka nake so ki ƙara mini."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Sake faɗa."

"Laka. Duk wadda jirgi zai iya ɗauka."

Ta kira mutanenta. "Ku zo ku ji! Tun da Talmasa ta sare dutsen nan ba a taɓa jin wannan ba. Na ga mai kuka, na ga mai zagi, na ga wanda ya zuba ta cikin ɗaki na gaba yana zaton ba na gani. Yau ga mai neman ƙari."

Na gaya mata abin da nake nufi. Ta bi ni ta ga tsiron. Ta auna jirgin da ido, ta auna tsibin iri, ta ce, "Cikin jirginka ko buhu ɗaya ba zai ci ba."

"Na sani. Fili nake nema wanda zai bi ni a ruwa."

A jikin bangon kwarin akwai tsofaffin ƙyamare da aka cire, an jingine su. Ba a ƙona su, ba a sayarwa, don kowanne an sassaƙa masa sunan magajiyar da ta riƙe shi. Na nuna mata ɗaya, faffaɗa, ya daɗe a waje ya bushe.

"Na kakata ne wannan," ta ce.

"Ki yafe ni, Iya. Ban sani ba."

Ta je ta shafa sunan da tafin hannunta. "Matar nan da laka ta yi faɗa har ta mutu. In ta ji ƙyaurenta zai fitar da laka daga kwarin nan, da kanta za ta tura shi. Ku kwantar da shi."

Katako kaɗai ba zai ɗauki laka ya yi iyo ba. Amma mu mutanen kogi mun san gora, da shi masuntanmu ke ƙetare Zarnu. Mutanen Gwamma suna da goruna rataye a kowace bukka. Muka yi musaya, suka karɓi irin da ba mu da wurin shukawa, wai kunu za su yi da shi, muka karɓi goruna. Muka toshe bakunansu, muka ɗaure su a ƙarƙashin ƙyauren, muka yi masa baki da gwangwala, muka shimfiɗa laka kaurin tafin hannu. Na zuba iri cunkus yadda na ga ana yi, a kan ƙyauren da cikin jirgi, ban bar wuri ba sai inda ƙafa za ta tsaya. Abin da ya shiga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da muka ɗauko ba. Ba zai ciyar da gari ba. Zai cika fadama ɗaya, fadamar ta ba da irin baɗi, kuma mutum yakan iya jure yunwar shekara in yana ganin abin da yake jira.

Bagudu ya ɗauki laka, ya ɗauki katako, ya yi aikin mutum uku. Igiya ce bai taɓa ba. Ni na ɗaure gorunan, ni na ɗaure ƙyauren a bayan jirgi da guntun igiyarsa, irin ɗaurin da nake wa akuya.

Ɗaki na bakwai da na takwas muka sauka lafiya, ƙyauren yana gefen jirgi kamar ɗan maraƙi, ni da igiya, shi da sanda. Bayan na takwas hanyar ruwan ta shige cikin dutse. Kogo ne dogo, matsattse, ba wurin ɗaga sanda, ba wurin filafili. Yadda ake wucewa shi ne a gicciye katako a goshin jirgi, mutum biyu su kwanta a kai, kai da kai, kowa ya kafa ƙafafunsa a bango, su yi ta takawa a kwance, jirgi na tafiya. Duwatsun sun yi santsi da tafin ƙafar mutanen da suka riga mu. Jemagu suna ta zubo mana kashi, na yi wa shinkafata murna.

A tsakiyar duhun Bagudu ya yi magana, kansa na gogar nawa.

"An gaya mini. Da kunnena na ji."

"Ka ji."

"Ɗaki biyar ina saki."

"Na gani."

"To wane ne ya ƙulla?"

"Taka, Bagudu. Kana karkatar da mu."

Ya taka. Can ya ce, "Ba zan ƙara ɗaure jirgi ba. Hannun da ba ya jin magana ba na matuƙi ba ne."

Ina jin ƙyauren a bayanmu yana gogar bango, kuma sau biyu a cikin kogon nan, cikin ruwan da ko motsi ba ya yi, ɗaurina ya zame sai da na rarrafa na sake ɗaurawa.

Muka fito haske, muka shiga ɗaki na tara. Gwamma ta riga mu ta kan dutse, tana tsaye a bisa ƙyauren ƙarshe. Tun ruwa bai gama sauka ba na fara jin wata ƙara da na sani tun ina cikin uwata. Na leƙa ta tsagin katako. Zarnu ne, ja wur, ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu.

"Daga ƙyauren nan dokata ta ƙare," in ji Gwamma daga sama. "Abin da ke waje naku ne, ku kuka san halinsa. In kun shirya ku ce."

Na ɗauko guntayen igiyar biyu na miƙa wa Bagudu. A kogi sai an ba ƙyauren tazara, guntu ɗaya ba zai isa ba, dole a haɗa su.

Ya mai da hannuwansa baya. "Na faɗa maka."

"Shi ke nan."

Na zauna a gabansa, inda zai gan ni da kyau. Na haɗa bakin igiyoyin, na naɗa wannan a kan wancan, na sake naɗawa, na cusa baki ta wani rami da na gani, na ja. Abin ya fito kamar curin dawo. Na ɗaga shi na jujjuya, na gyaɗa kai. Na nufi zoben ƙyaure na fara yi masa irin nasa, a hankali, ina 'yar waƙa.

Ina jin numfashinsa yana sauyawa.

"Mene ne wannan?"

"Ƙulli."

"Ƙullin uban wa?"

"Da shi nake ɗaure akuyata."

"Akuyarka da kullum take gonar mutane?"

"Iya!" na ɗaga murya. "Mun shirya, a buɗe!"

"Kada ki buɗe!" Ya fizge igiyar har sai da ta ƙone mini tafi. "Wallahi da Baba na da rai ya ga abin da ka yi wa igiyarsa, da ita zai zane ka. Matsa can, bawan banza, manomin da ko zariyar wandonsa sai matarsa ta ɗaure masa."

Da yatsa ɗaya ya warware curina. Ya warware tufkar bakunan biyu, ya saƙa su cikin juna, ya murza a cinya, har sai ka duba sosai kafin ka ga inda wuƙa ta bi. Ya yi ƙulli a zoben ƙyaure, ya yi a ƙeyar jirgi. Wannan karon yana kallon hannunsa.

Gwamma ta jefo masa gyaɗa guda, ba ɓawo ba, ya cafe. Ta jingina bayanta a gungume, ƙyauren ƙarshe ya tsage.

Zarnu ya karɓe mu kamar yadda ya saba karɓar kowa. Ya fizgi goshin jirgi ya juya shi gabas, ya bar ƙyauren a baya cikin ruwan kwance. Igiya ta fito daga ruwa ta miƙe, tana feshi, tana kuka siriri kamar tsirkiya. Jirgi ya girgiza har haƙorana suka haɗu. Na ga ƙullin yana ƙanƙancewa, yana shigewa cikin kansa. Sai ƙyauren kakar Gwamma ya ɗaga goshi, ya juyo, ya biyo mu da gonarsa a kai.

Sauran tafiyar aiki ne. Bagudu na tuƙi yana kauce wa itatuwa, ni ina ɗibar ruwa da ƙwarya ina shayar da komaye biyu, ina korar tsuntsaye. Tsiron ya kai yatsa, ya kai taki, ya rufe lakar ruf. Mutanen garuruwan bakin kogi suna fitowa kallo. A wani gari aka buga ganga, wai tsibiri ya tsinke.

Da hantsi muka iso Tungar Wushe. Jirage uku na bakin gaɓa an loda su da tukwane da gadaje da yara, na huɗu ana cikin lodi. Kowa ya tsaya da abin da ke hannunsa. Bagudu ya yi tsalle ya sauka, ya zagaya igiya a turken mahaifinsa, ya ƙulla.

Goggo Tabawa, uwar Bagudu, tana tsaye da turmi a ka. Ta ce, "Mantau, iri aka aike ku, ko ciyawar doki?"

"Sauke turmin, Goggo, ki zo in nuna miki wani aiki."

Na tugo dami ɗaya da lakarsa, na gangara fadama, ruwan farko ya kai mini ƙwauri. Na duƙa, na ware tsiro ɗaya, na cusa saiwarsa cikin taɓo da yatsa uku, na saki. Ya tsaya. Na matsa taki guda na cusa wani.

Goggo Tabawa ta sauke turmin, ta ɗaure zane a ƙugu, ta shigo ruwa ta miƙo mini hannu.